Littattafan Kawu a Rumfar Nama

Titirou, Parakou
5 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Usuman da surukarki Inna Mairamu da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafa ce dai take yi mini gardama duk lokacin da hadari ya haɗu, idon hagu kuma likita ya ce yanar ido ce ta rufe shi, sai bayan damina za a yi aiki. Kunne kuwa kin san labarinsa, ya riga ni yin ritaya. Shi ya sa har yau nake damun ku da wasiƙa alhali duniya duk ta koma waya. 'Yata Bashira ta saya mini wata, ina ganin tana haske, abin da take faɗa ne ban sani ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abdulnasir yana son ɗakin waje, inda littattafaina suke, zai fasa bango ya buɗe shagon ɗinki kafin rantire, lokacin komawar yara makaranta. Ban ga laifinsa ba, mai iyali ne. Shawarar da ya kawo ce ta ɓata mini rai, wai a kira matan da ke sayar da gyaɗa su kwashe su. Ɗan da na haifa ke nan. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, abin da na tara kwali shida ne na littafi. Na duba dangi kaf ban ga wanda zan ba amanarsu ba sai ke. Ni da marigayiya uwarki kakanni muka haɗa, da ɗan nisa in za a bi salsala, amma a shekara huɗun da kika yi a gidan nan kina kolej, ke kaɗai ce yarinyar da na taɓa kamawa tana satar littafi, sauran duk tukunya suke yi wa ɓarna.

Yau na ba Tambaya direba kwali biyu. Tunda an shiga vakansi, yara suna dogon hutu, ga yadda za a raba, kada kowa ya wawuri abin da ya ga dama.

Ƙananan, Ukasha da Ummuhani, nasu ne tatsuniyoyi masu hotuna, na ɗaure su da jan zare. A fara musu da na kwaɗon da ya nace sai ya zama direba. Shakira ta kai sha huɗu, ta wuce kwaɗo. Ki ba ta mai koren bango, labarin yarinyar da ta yi shigar maza ta bi ayarin fatake tana neman ubanta. In ta gama ta ɗauki na taurari, ko da yake a damina ba abin da za ta gani a sama sai gajimare. Ke kuwa na san halinki, na zuba miki na binciken kisa guda biyar, da wani ɗan siririn littafin waƙoƙi da kika raina kina yarinya, ki sake gwada shi yanzu da kika ga duniya. Usuman na zaɓar masa na cututtukan shanu, hotuna sun fi rubutu yawa, zai yi masa amfani in ya je kara, da kuma tarihin hanyar goro. Inna Mairamu ma ban bar ta ba. Akwai labarin wani da ya tafi hajji a ƙasa, da ajami yake, ki riƙa karanta mata bayan la'asar.

Za ki ga rubutuna da fensir a gefen shafuka. Kada a goge. Gardama ce nake yi da marubutan, wasu mun shekara arba'in muna yinta.

Sauran kwali huɗu ni zan kawo su da kaina tsakiyar Agusta, in ga inda kika jera na farko, in zaunar da yaran in ji abin da suka fahimta. Na ja wa Tambaya kunne, wasiƙar nan hannunki kaɗai zai damƙa ta.

Kawunki,
Ashafa

Titirou, 24 ga Yuli

Zinatu,

Salamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ni ina nan yadda kika san ni.

Yau kwana goma sha tara ban ji ko tarinku ba. Sau biyu ina aika Bashira tasha, direban ya ce kaya sun sauka lafiya lau. Da ta yi masa zancen wasiƙa sai ya ce tana hanya. Wace hanya? Ko jaki na ba ai da ya kai ya dawo. Kullum da safe nakan fitar da kujera ƙofar gida, maƙwabta suna zaton iska nake sha. In wani ne ba lafiya ki gaya mini. In kuma aikin gona ne ya sha kanku, layi biyu ya ishe ni. Ina so in san ko Shakira ta fara nata, da kuma ko ruwa bai taɓa kwalayen a mota ba.

Kawunki,
Ashafa

Bariénou, 28 ga Yuli
Zuwa ga Bashira, a Guéma, Parakou, a hannunta

'Yar uwa,

Ina gaishe ki, yaya maigidan da yara? Mu mun dawo gida shekaranjiya. Inna Mairamu ce ta zame a makewayi ƙashin ƙugunta ya tsage, mako uku ina asibiti a Djougou ina jinyarta, yanzu da sauƙi. Ki karanta takardar nan ke kaɗai, kada ta je ko kusa da Titirou. Ban kira ki a waya ba don rezo, wato sabis ɗin waya, a garin nan sai bakin titi, daidai rumfar maigidana Baban Ukasha, abin da zan faɗa kuwa ba zan iya faɗarsa a gabansa ba.

Bashira, littattafan mahaifinki sun tafi.

Kin san sana'ar maigidana, tsire da balangu. Takardar naɗe nama daga Parakou take zo masa, tsofaffin jaridu da kayen 'yan lakol, wato littattafan rubutun 'yan makaranta. Tambaya ne yake sauke masa kwali biyu ko uku duk wata, shekara da shekaru. Ranar da Kawu ya ba shi kaya ina asibiti. Ya sauke su a rumfa inda ya saba, ya ce daga Parakou, ya ja motarsa. Wasiƙar kuwa an ce masa hannuna kaɗai, sai sarkin biyayya ya adana ta a mota. Baban Ukasha ya buɗe kwali ya ga takarda, ya yi abin da ya saba yi. Sunan Kawu yana cikin kowane bango, amma bango ake fara cirewa a hura gawayi da shi. Ya sa wuƙa ya yanke ɗinki, ya jera shafuka bisa girmansu, manya na balangu, ƙanana na tsire. Masu nama kuma al'adarsu ce wanda ya samu takarda ya raba wa 'yan uwa, don haka ya aika wa abokin sana'arsa Yahouza da sauran na tashar Djougou rabonsu. Har yabon takardar yake yi, wai tana da kauri.

Guda bakwai suka tsira. Duk wanda ya buɗe ya ga rubutun Larabci a ciki ya ware shi ya ɗora bisa kabad, don ba a naɗe nama da sunan Allah.

Da muka sauka Tambaya ya miƙo mini wasiƙun Kawu biyu a haɗe. A tsaye na karanta, nan bakin rumfa. Ina kaiwa inda ya ce kada a goge rubutun fensir na ɗaga kai, sai ga Baban Ukasha yana naɗe wa wani mai zem, ɗan acaɓa, tsire uku, ga rubutun Kawu a gefen takardar, mai yana bi ta kansa. Na zauna a ƙasa.

Na karanta masa wasiƙar. Ya kashe wuta da rana tsaka, ya ce da safe zai shiga mota ya je ya faɗa wa Kawu. Ni na hana shi, har da kuka. Kin san abin da littattafan nan suke a wajen mahaifinki, kin san jininsa yana hawa. Kuma ni ya zaɓa, Bashira, cikin dangi duka.

Ga roƙona. Ki zaga wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa, na rubuta miki waɗanda na tuna a bayan takardar nan. Ko rabi muka samu sai in jera kafin ya zo.

Taki,
Zinatu

Bariénou, 28 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, yaya ƙafa, yaya ido? Allah Ya ƙara sauƙi. Baban Ukasha da yara duk suna gaishe ka. Ka gafarta mini jinkirin amsa. Inna Mairamu ce ta faɗi ta ji ciwo a ƙugu, mako uku muna asibiti, wasiƙunka biyu rana ɗaya suka shiga hannuna.

Kwalaye sun iso, ruwa bai taɓa su ba. Na gode, Kawu, ban san bakin da zan yi godiya da shi ba. Na fara karanta wa Inna labarin mai tafiya hajji, tana jin daɗinsa ƙwarai, jiya har ta manta da ciwo ta yunƙura za ta zauna.

Sai dai ina roƙon ka dakata da zuwan nan na Agusta, da sauran kwalayen. Rufin ɗakina yana yoyo, ga mai jinya, ga kaji da awaki ko'ina. Gidanmu yanzu ba wurin littafi ba ne. In abubuwa sun daidaita zan aiko maka.

'Yarka,
Zinatu

Titirou, 2 ga Agusta

Zinatu,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Inna Mairamu lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Ni da sauƙi.

Na karanta wasiƙarki da gilashin ƙara girman rubutu har sau uku, ko idona ne ya yi mini ƙarya. Bai yi ba. Kin ce gidanku ba wurin littafi ba ne. Na fahimta. Tsoho ya ɗauki tarkacensa ya jibga wa mutane ba tare da ya tambaye su ba, ga su da abin da ya dame su. Na lura ba ki ambaci Shakira ko sau ɗaya ba, ko ƙananan, ko ke kanki. Da a ce wani ya buɗe ko shafi ɗaya da kin faɗa, na san ki da zumuɗi.

Ban ji haushinki ba, kunya na ji. Abdulnasir ya sha gaya mini zamanin littafi ya wuce, nakan juya masa kunnen da ya fi mutuwa. Ashe shi ne mai gaskiya.

Kada su zame miki kaya. Ki bar wa Inna nata, sauran ki mayar da su cikin kwalayensu ki ba direba ya dawo mini da su. Gara su ƙare a gabana, in san inda suka nufa.

Kawunki,
Ashafa

Guéma, 4 ga Agusta

Zinatu,

Lafiya lau muke, Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi. Wasiƙarki ta sa ni kuka, ta kuma sa ni dariyar da ban so ba. Da Baba ya san halin masu nama ai da ya rubuta bisimilla a kowane shafi ya huta.

Kwana uku ina yawon kasuwa. Guda huɗu na samu cikin jerinki, biyu ba su da ƙarshe. Masu sayarwa littafin lakol kawai suke riƙewa yanzu. To a ce ma mun same su duka, wa zai yi mana rubutun fensirin?

Ba ki ga abin da takardarki ta yi masa ba. Ya daina fitar da kujera. Jiya ya ce wa Abdulnasir in wata ya ƙare ya kira masu gyaɗan. Shi a ganinsa raina kyautarsa kika yi, wannan kuwa ya fi gaskiyar ciwo. Ki faɗa masa. In ba za ki iya ba, ki ba ni izini in rubuta masa a allon da muke magana da shi, in zauna kusa da shi har ya haɗiye.

Bashira

Bariénou, 8 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Inna ta fara takawa da sanda.

Wallahi ba haka nake nufi ba, gajiya ce ta sa na rubuta maganar banza. Ba za a mayar da ko ɗaya ba, yaran ma ba za su yarda ba. Ummuhani ta haddace labarin kwaɗo, tana hawa turmi tana kiran fasinja, duk wanda ya gifta sai ya faɗi inda zai sauka. Ukasha ya fi son hotuna, ya cika mini bango da zanen gawayi. Shakira kuwa ta ɓace mana. In ana nemanta sai bayan rumbu, da mai koren bango a cinya. Shekaranjiya na same ta tana kuka, ashe ta kai inda yarinyar ta ga jakin ubanta a mashigin kogi ba kowa a kansa. Ta ce in tambaye ka me ya sa ka rubuta a gefe cewa uba ba ya yin haka, alhali ga shi ya yi. Baban Ukasha ma ya tafi kara da na shanu a aljihu, ya dawo yana mana bayanin ciwon huhu. Ni kuma na koma kan waƙoƙin. Kana da gaskiya, da ban san abin da suke faɗa ba.

Don Allah kada ka bar masu gyaɗa su taɓa sauran. Ka ba ni zuwa farkon Satumba a gyara rufi, sai ka zo da su.

'Yarka,
Zinatu

Titirou, 19 ga Agusta

Zinatu,

Salamu alaikum. Lafiya nake.

Ranar da wasiƙarki ta zo na sa aka fitar mini da kujera. Na karanta wa maƙwabcina Tahirou da ƙarfi, ya ce har masu wucewa sun tsaya, don ni ba na jin yawan muryata. Na kira Abdulnasir na ce ya nemi wani bangon ya fasa tukuna. Na zauna na rubuta wa Shakira amsa, shafi huɗu, a kan uba da abin da yake yi da abin da ba ya yi. Kwana shida na yi a kanta, saboda ido.

Jiya Abdulnasir ya dawo daga suna a Djougou. Ya tsaya a tasha ya sayo mini balangu, ya san ina so. Na kwance ƙunshin, na ga layin fensir, na zaci idon ne ya fara yi mini wasa. Na ɗauko gilashi. Shafi na hamsin da bakwai ne na mai koren bango, wanda kika ce yana cinyar Shakira a bayan rumbu. Yajin kuma a cikin rabin hoton kwaɗo aka ƙulle shi.

Ga shafin nan na saka miki a ambulan. Ki yi haƙuri da man da ya ɓata takardar.

Ban ci naman ba. Amsar Shakira tana nan, ban san wanda zan ba ba. Abu ɗaya nake so ki gaya mini, ba tare da ado ba. Guda nawa suka rage?

Ashafa

Bariénou, 22 ga Agusta

Kawu,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Allah Ya sa kana lafiya.

Bakwai suka rage, masu rubutun ajami da Larabci. Sauran an naɗe nama da su tun ina asibiti. Kwalayen sun sauka a rumfa ba wasiƙa, Baban Ukasha ya ɗauka takardar da Tambaya ya saba kawo masa ce, ya yanka, ya raba wa abokan sana'a. Bai sani ba. Ranar da ya sani ya so ya zo wurinka, ni na hana shi. Bashira ma ta ce in faɗa maka, na ƙi. Kada ka ga laifinsu.

Yaran ba su ga ko ɗaya ba. Ummuhani ba ta san wani kwaɗo ba. Duk abin da na rubuta maka daga kaina na ɗauko shi. Wadda ta yi kuka a mashigin kogi ni ce, shekara ashirin da suka wuce, a bayan randar gidanka, kuma ni ce na so in tambaye ka maganar fensirin tun a lokacin, tsoro ya hana ni. Da na ga ka ce a dawo da kwalaye sai hankalina ya tashi, na ce bari in saya wa kaina mako uku ko zan samo wata dabara. Ban samo komai ba.

Na ji tsoron jininka, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya fi shi gaskiya, na ji tsoron ka daina kallona a matsayin wadda ka zaɓa. Yanzu na jawo abin da nake gudu da hannuna. Ka yi mini faɗa, Kawu, ka zage ni ma. Ka dai rubuto.

Zinatu

Bariénou, 5 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Inna tana tafiya ba sanda yanzu, tana tambayarka.

Mako biyu ke nan. Duk ranar da motar Tambaya ta tsaya ina bakin titi, yakan girgiza mini kai tun kafin ya kashe mota. Bashira ta ce kana cin abinci kana zuwa masallaci, amma in ta rubuta sunana a allo sai ka goge da hannun riga. Ta ce Abdulnasir ya kawo bulo, rantire ta matso. Ban da bakin roƙo a kan kwalayen nan huɗu, amma ina roƙo.

Baban Ukasha ya yi kwana goma yana bin rumfunan Djougou yana karɓo abin da ba a riga an yi amfani da shi ba. Yau ya ce mini ya gama jin maganata a kan wannan al'amari. 

Zinatu

Titirou, 10 ga Satumba

Zinatu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙunki biyu sun iso. Na ji daɗin labarin Inna Mairamu. Ni ma lafiya, an sa ranar aikin ido cikin Nuwamba.

Mijinki ya zo jiya. Ranar kasuwa ce, ya rufe rumfa, na san abin da hakan yake nufi ga mai nama. Ya shigo da buhu a ka, ya ajiye, ya durƙusa yana magana. Na nuna masa kunnena, na miƙa masa allo da alli. Kin san aji uku ya yi a lakol. Ya daɗe yana fama, gumi yana zuba, sannan ya juyo mini allon. Ya rubuta: "Ni na yanka. Ban sani ba. Da na sani kuma ban zo ba, wannan laifina ne." Kuskure bakwai na ƙirga a ciki, hannuna ya yi ta ƙaiƙayin gyara, na daure.

A buhun akwai shafuka wajen ɗari huɗu a cakuɗe, taurari a kan ciwon shanu, mai kisa a tsakiyar waƙa. Mun wuni muna warewa a kan tabarma. Ba littafi ɗaya da ya cika. Ya tsinci wani shafi mai hoton saniya da kumburarren wuya, ya ƙura masa ido, ya bi rubutun da yatsa yana motsa baki, har ya manta ina wurin. Na ƙyale shi ya kai ƙarshe.

Takarda ta tafi, na yi kukanta na gama. Mutum ya ga takarda a inda ya saba ganin takarda, ni kuma na aika kaya ba tare da na rubuta komai a kan kwali ba, na ƙulle bayani a hannun direba. Kowa ya ɗauki nasa.

Naki daban ne. Wasiƙarki ta takwas ga Agusta ita ce abu mafi daɗi da na karanta a shekarar nan. Na karanta ta ya fi sau goma, na tara mutane a kanta. Kin san inda za ki taɓa ni, don a gidana kika koya. Na yafe miki, Allah Ya sani, ba na kwana da ke a raina. Amma yanzu in na ga rubutunki sai in tsaya ina tunanin wane layi ne na gaske, kuma ban san ranar da wannan zai bar ni ba.

Masu gyaɗa ba za su samu komai ba. Kwalaye huɗu suna cikin motar da ta kawo miki wannan takarda, Usuman yana zaune a kansu. Sunansa na rubuta a kowane gefe, da manyan baƙaƙe. Shi zai ajiye su, shi zai ba da aro, shi zai karɓa. Ya ce zai sa kafinta ya yi kanta kafin a buɗe ko ɗaya. Saura mako guda a koma lakol, na ware wa kowane yaro guda ɗaya gajere da zai iya gamawa, suna saman kwali na farko.

Ba zan zo bana ba. Labarin karatu kuma yara su rubuto mini da hannunsu, ko layi biyu ne, ko da kuskure. Kada ki gyara musu, kada ki ƙara musu.

Amsar nan mai shafi huɗu na cire sunan Shakira na sa naki, tunda ke kika yi tambayar. Tana hannun mijinki. In kina so, ita da kowane littafi, ki je ki ara a wurinsa.

Ki gaida Inna Mairamu da yara.

Kawunki,
Ashafa